Ranar da injin wankina ya daina juyawa

Ranar Asabar ce da safe, ana tsakiyar damina. Tun bayan sallar asuba na jiƙa kayan makarantar yara, mai ruwa ya turo kurarsa ya sauke min jarka shida a bakin ƙofa, na juye uku a inji, na barbaɗa omo, na murɗa taima zuwa minti 15 kamar yadda na saba. Maimakon ruwa ya kaɗa, sai na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa irin na firij. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Ruwan ko motsi bai yi ba, omon ma yana nan kwance a sama bai narke ba. Na mayar da taima, na sake murɗawa, na sake ji. Sau huɗu ina yin haka, ina fatan ko zai farga.

Injin nawa mai tukwane biyu ne, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, mai ɗaukar kilo 7. Maigidana ya saya min shi shekarar da na haifi auta, lokacin da ciwon baya ya hana ni durƙuso a kan baho. A gidan hayar da muke a Agege babu famfo a ɗaki, da bokiti ake zuba wa inji ruwa, shi ya sa irin wannan ne ya fi mana daidai. Wanda bai taɓa yin damina a Legas ba ba zai san darajarsa ba. A Kano ki shanya zani da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙarau. A nan watan Yuni da Yuli sai kaya su kwana biyu a igiya suna ɗiga, su ɗauki wani wari da ko turaren wuta ba ya kashe shi. Ga yara huɗu, uku 'yan makaranta, ranar Litinin kuma dole kowa ya fita da farin kaya. Maigidan kuwa ya tafi Aliero ɗauko albasar da zai sauke a kasuwar Mile 12, sai bayan kwana goma ake sa ran dawowarsa.

Wajen ƙarfe goma maƙwabciyata ta kira min wani mai gyara da ke zagaye a layinmu da jakarsa a kafaɗa. Ya tsuguna, ya murɗa taima, ya kasa kunne, ya miƙe ya ce da turancin buroka wai koyil, wato naɗin wayar tagulla da ke cikin moton injin, ya ƙone, sai dai ya ɗauki injin ya kai a sake naɗa shi, ko kuma a sayi sabon moto. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin sabon inji. Ban ce ƙarya ya yi da gangan ba, mai yiwuwa abin da ya saba gani ke nan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne bai kwance noti ko ɗaya ba, bai leƙa bayan injin ba. Na ba shi na ruwa, na ce ya bari in yi shawara.

Shawarar kuwa da ƙanena na yi ta. Yana da shago a Kano, gyaran fanka da injin jan ruwa yake yi tun yana sakandare. Na kira shi na zayyana masa komai. Bai ce min komai game da koyil ba, tambayoyi ya jero min.

"Yaya, shiru yake yi gaba ɗaya ko yana ƙara?"

Na ce yana gurnani.

"Ɓangaren matsa fa, yana juyawa?"

Na je na rufe murfin na murɗa, ya tashi da ƙarfinsa kamar kullum.

"To sa hancinki ta bayan injin. Kin ji ƙauri, irin na wayar da ta ƙone?"

Na sunkuya na shaƙa. Babu komai sai warin danshi.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Kada ki ƙara kunna shi ki bar shi yana wannan kukan. Zare filogi, mu bi shi a hankali, daga abin da ba ya cin kuɗi."

Ya yi min bayanin dalilin tambayoyin, kuma na riƙe shi har yau. Idan inji ya yi shiru ɗungurungum, to wuta ce ba ta isa wurin ba, sai a duba fis da waya da taima. Idan ana jin moto yana gudu sosai amma ruwa bai motsa ba, ƙarfin ne ya ɓace a hanya, ko fambel ya tsinke ko ya saki, ko haƙoran faifan ciki sun cinye. Idan kuwa gurnani yake yi bai juya ba, to wuta ta iso, moton yana so ya tashi ya kasa, ko wani abu ya riƙe shi, ko wutar ta yi rauni, ko kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka wa moto ya tashi, ta mutu. Ɓangaren matsa da ya yi aiki ya nuna filogi da fis lafiyarsu lau, domin duka ɓangarorin biyu ta waya ɗaya suke shan wuta, amma kowanne da motonsa.

Muka fara da wuta. Ya ce wutar ƙasar nan ta gida ya kamata ta kasance wajen bolt 230, idan ta faɗi sosai moto ba ya iya tashi da kaya. Ina da sitabilaiza a jikin firij mai nuna lamba, na duba na ga 214. Da daddare in kowa ya kunna kayansa na sha ganin ta sauka ƙasa da 180, amma wannan safiyar wuta a cike take. Ya tambaya ko da ƙaramin janareta nake wanki. Na ce wani lokaci. Ya ce in daina haɗa shi da firij in zan yi, domin moto a lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ja in ya kama gudu.

Daga nan sai cikin tukunya. Na tsame kayan na zuba a baho, na murɗa wurin zubar da ruwa na tare shi a bokitai, don ruwan saye ne ba a zubar da shi a banza. A ƙasan tukunyar akwai faifan nan na roba mai ƙusoshin haƙarƙari, shi ke kaɗa ruwa hagu da dama. Ya ce in juya shi da hannu. Ya juya, amma da nauyi, ina jin wani abu yana karta ta ƙasa. Noti ɗaya ne ya riƙe shi a tsakiya. Nan na sha wahala, domin tsatsa ta cinye kan notin, iskar Legas ba ta barin ƙarfe. Na ɗiga masa man keken ɗinki, na bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, sannan babban ɗana, mai shekara 14, ya danne sukudireba da hannu biyu ni kuma na riƙe faifan. Da ƙyar ya yi ƙara ya saki. Faifan kansa ya ƙi fitowa sai da muka zura igiya ta ƙarƙashinsa gefe da gefe muka ja sama tare.

Abin da na gani a ƙasa ya ba ni mamaki. Allurar hijabi bakwai, duk sun yi ja da tsatsa. Maɓallai, murfin biro, wani ɗan ƙaramin makulli da muka nema watanni, ga yashi ya kwanta kamar laka. Sannan zare da gashi sun nannaɗe sandar ƙarfen da faifan ke hawa, sun yi tauri kamar an yi musu kitso. Da reza na yanke su. Ƙanena ya ce in kifa faifan in duba ramin tsakiya, in ga haƙoran da ke kama sandar ko suna nan. Na haska fitilar waya, suna nan da kaifinsu. Ya ce da sun goge, da moto zai riƙa gudu sandar tana juyawa a banza faifan yana tsaye, kuma ƙarar da zan ji daban ce.

Na wanke wurin tas, na mayar da komai, raina fes, na tabbata na gano cutar. Na zuba ruwa, na jefa riguna uku kawai, na jona wuta na murɗa. Faifan ya ɗan yi rawa kamar zai tafi, sai ya tsaya, gurnanin ya dawo. Gaskiya a wannan lokacin sai da hawaye ya taru min. Azahar ta yi, ban ɗora girki ba, ga kaya jiƙe a baho, ga maganar mai gyaran nan tana dawo min a kunne.

Bayan na yi salla na ba yara abinci na sake kiran ƙanena. Ya ce, "Yaya, ba a yi asara ba, wannan dattin dole ne dama a cire shi. Yanzu a buɗe baya."

Muka zare filogi, muka zubar da ruwa, muka ja injin tsakar gida inda haske yake. Murfin baya ƙananan notuna ne suka riƙe shi. Da muka ɗaga, kyankyasai suka watse, ga kashin ɓera a kusurwa. Ya ce in bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ido, domin ɓera yana son ɗumin wurin kuma yana gwaguyar waya. Babu wadda ta tsinke. Na ga moto biyu a zaune a ƙasa, na wanki an ɗaura masa baƙin fambel da ya haɗa shi da wani babban gargare a ƙarƙashin tukunya. Ya ce in danna fambel ɗin da yatsa a tsakiya, in ya lotsa kaɗan ya tsaya to daidai ne, in ya tafi luƙui ko ya tsattsage to ya gama. Nawa bai tsage ba, bai kuma saki ba. Na juya gargaren da hannu, ɗana yana leƙen tukunya ta sama, ya ce faifai yana bi. Ke nan daga fambel har giyabos ɗin da ke tsakanin gargare da faifai, har faifan kansa, hanya a buɗe take. Na haska cikin moton ta 'yan ramukansa, wayoyin tagulla suna nan jajaye suna sheƙi, babu baƙi ko ɗigo.

Sai ya ce in ɗauko muciya.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce muciyar tuwo, busasshiya, ta itace. A bar tukunya babu ruwa babu kaya, in sa takalmin roba, in kori yara gefe, kada kowa ya kusanci bayan injin da ke buɗe. In jona wuta in murɗa taima, da zarar ya fara gurnani in tura faifan da bakin muciya in janye hannuna. Na yi bisimilla na yi yadda ya ce. Ina turawa sai faifan ya kama gudu, fir, kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Ya yi 'yan daƙiƙu ya tsaya don ya juya ɗaya gefen, sai gurnani kuma. Na sake turawa, ya sake tafiya. Ɗana ya yi tsalle yana cewa, "Umma, ya tashi!"

Ta waya na ji ƙanena yana dariyar jin daɗi. Ya ce, "Motonki lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ƙone ko da ƙato ya tura shi ba zai yi wannan gudun ba. Kafasita ce."

Na ce ya fahimtar da ni, don ba na son in riƙa yin abu a makance. Ya ce in tuna lugude. Mata biyu a kan turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, da haka daka ke tafiya. In suka sauke a lokaci ɗaya sai taɓare su haɗu, aiki ya tsaya. Cikin moton akwai naɗin waya kashi biyu, kuma aikin kafasita shi ne ta saɓa lokacin da wuta ke bugawa a ɗayan, don bugunsu ya zama bi da bi, wannan saɓanin ne ke tura moto ya tashi ya kuma san gefen da zai nufa. Taima kuma ita ke sauya wanda zai riga, shi ya sa faifai ke zuwa dama ya dawo hagu. In kafasita ta mutu, sai moto ya tsaya yana kuka, wuta tana shiga tana zama zafi. Ya ce da na ci gaba da murɗawa ina barin sa yana gurnani minti 15, da maganar mai gyaran ta zama gaskiya da hannuna, koyil ɗin ya ƙone da gaske. Jikina ya yi sanyi da na tuna sau huɗun da na yi da safe.

Sai a lokacin na tuna alamun da suka riga suka zo. Wajen wata biyu ke nan injin yana kasala. In na sa bargo sai ya yi nishi kafin ya juya, wani lokaci sai na rage kaya. Na ɗauka tsufa ne kawai. Kuma na san nakan cika masa kaya fiye da ƙima ranar da wuta ta zo, don in gama kafin a ɗauke. Kilo 7 ɗin nan na busassun kaya ne, kuma shadda mai sitati da babbar riga in sun sha ruwa nauyinsu ba wasa ba ne.

Kafasitar wata 'yar gwangwani ce ta roba, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, an ɗaure ta a jikin bangon injin, wayoyi huɗu sun fito daga kanta, biyu launi ɗaya, biyu wani launin. Ya gargaɗe ni sosai a nan: ko an zare filogi tana iya riƙe wuta a cikinta. Ya ce kafin hannu ya taɓa bakin wayoyin, a haɗa kowane biyu da ƙarfen sukudireba mai mariƙin roba don abin da ya rage ya fita. Ya kuma ce in ɗauki hoton yadda aka haɗa wayoyin kafin a yanke ko ɗaya. Na ɗauka har uku. Da muka kwance ta na ga gindinta ya kumbura, gefe ɗaya ya tsage, wani abu kamar narkakken kyandir ya leƙo. A jikinta an rubuta CBB60, sannan 12 da 5 da alamar maikrofarad, wato ma'aunin girman kafasita, sai 450V. Ya ce kafasita biyu ce a gida ɗaya, mai 12 ta wanki, mai 5 ta matsa, shi ya sa ɓangare ɗaya ya mutu ɗaya yana aiki. Sharaɗin saye kuma biyu ne: lambar maikrofarad ta zo daidai da ta tsohuwar, lambar bolt kuma kada ta gaza 450.

Da la'asar na aiki ɗana shagunan kayan wuta da ke wajen gadar Pen Cinema. Ya dawo hannu rabbana. Wadda suke da ita ta fanka ce, mai 2.5, sai manya na injin jan ruwa. Wani ya ce masa ya ɗauki mai 20 wai ta fi ƙarfi. Allah ya sa yaron ya kira kawunsa, ya ce kada ya kuskura, babbar kafasita tana tura wa naɗin wuta fiye da yadda aka yi shi, ta ƙona shi a hankali.

Sauran wurin nema sai kasuwar kayan wuta ta Alaba, amma Lahadi yawancin shagunanta a rufe suke, don haka da hannu na wanke kayan makarantar, na matse su a ɓangaren matsa bayan mun mayar da tsohuwar kafasitar na wucin gadi, na bi su da dutsen guga har dare. Litinin ina raka yara na kama hanya da tsohuwar a jaka. Motar haya ta danfo zuwa Iyana Ipaja, wata zuwa Igando, wata zuwa Iyana Iba, sannan na ƙarasa kasuwar Alaba International da ke Ojo. Sama da awa biyu a hanya saboda ruwan da aka yi da asuba. Tun daga bakin kasuwa samari suka yi min caa, kowa yana "Hajiya, me kike nema?" Na ƙi miƙa wa kowa jakata, na tambayi wani ɗan Arewa mai tura kaya, ya ce, "Hajiya, biyo ni," ya kai ni layin masu kayan gyaran firij da injin wanki.

Mai shagon ya karɓi tsohuwar, ya juya ta, ya ɗauko sabuwa mai lamba iri ɗaya. Ƙanena ya riga ya faɗa min kada in biya sai an gwada a gabana. Mutumin bai yi musu ba, ya ɗauko mita ya ɗora wayoyin. Sabuwar ta nuna kusan 12 a ɗaya ɓangaren, kusan 5 a ɗayan. Na ce ya gwada tsohuwar ma in gani. Ɓangaren wanki ko 2 bai kai ba. Kuɗin sabuwar kuwa da kuɗin motata zuwa da dawowa kusan ɗaya ne. Na ƙara da fambel na ajiya da sabon noti wanda ba ya tsatsa.

Ina tsaye a shagon wata mata ta zo da matsala irin tawa, amma nata injin mai tukunya ɗaya ne mai yin komai da kansa. Mai shagon ya ce mata ta fara duba ɗan makunnin da ke ƙarƙashin murfi, domin da yawa daga irinsu ba sa juyawa in bai nuna murfi a rufe yake ba. A namu mai tukwane biyu, ɓangaren matsa ne kawai ke da wannan. Ya kuma nuna min wasu manyan injuna na gwanjo da ake kawowa daga Amurka, masu dogon turke a tsakiya, ya ce su wutar bolt 120 suke sha, in an jona su kai tsaye a soket ɗinmu nan take suke ƙonewa.

Haɗawar ban yi ta ni kaɗai ba. Akwai wani dattijo mai aikin wayarin a bayan masallacin layinmu, na roƙe shi ya zo bayan la'asar. Na nuna masa hotunan, na ce, "Baba, waɗannan biyun na moton wanki ne, waɗannan na matsa." Ya duba jikin sabuwar ya ce launukanta sun bambanta da na tsohuwar, sai an bi rubutun da ke jikinta ba launi ba, in ba haka ba a ba wa moton wanki mai 5. Ya feƙe bakin wayoyin, ya murɗe su, ya naɗe kowace da tef, ya ɗaure su sama nesa da inda ruwa zai iya ɗiga. Kafin a rufe baya na share wurin, na toshe ramin da ɓera ke shiga da ragar waya.

Na zuba jarka biyu, na sa zanin gado da tawul uku, na murɗa taima. Ruwan ya kaɗa dama da ƙarfi har ya fantsama min a fuska, ya tsaya, ya kaɗa hagu, kumfa ta taso. Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin ya ɗan saurara, ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakarsa. Na kira ƙanena ban ce komai ba, na kara wayar a bakin tukunya.

Ya ce, "Yaya, na ji shi. Ki ajiye tsohuwar, in Yaya Alhaji ya dawo ki nuna masa."

Tana nan a cikin gwangwanin madara a kan taga, tare da allurai bakwai da makullin. Yanzu duk ranar wanki 'yata ce ke zama a bakin baho tana laluben aljihu da bakin hijabai kafin ta miƙo min, ni kuma bargo shi kaɗai nake sa shi, da safe, lokacin da lambar sitabilaiza ta haura 200.